Ƙoƙo da Kambi: Tarihin Tsintar Guba Daga Dagwalon Nukiliya

Duk wanda ya taɓa tsayawa a masussuka ya ga ana shiƙar hatsi ya san cewa iska ba ta da ra'ayi a kan abin da ake kira tsaba da abin da ake kira ƙaiƙayi. Mai shiƙar ce ta yanke wannan hukunci tun kafin ta ɗaga ƙwaryarta sama. Abin da take so shi ke zuba a gabanta, abin da bai dame ta ba iska ta kwashe shi gefe, ya zama aikin wanda zai zo sharar masussukar daga baya. Da wannan ido nake so in bi tarihin wani ɗan reshe na ilimin sinadarai da ba a cika ambatonsa ba, wato ƙera sinadaran da ke shiga cikin dagwalon nukiliya su zaƙulo guba ɗaya tilo daga cikin gomman abubuwan da ke narke a ciki. Irin wannan sinadari zan riƙa kiransa mazaƙuli. Da'awata ita ce, wahalar da masu ƙera mazaƙula suka sha daga shekarun 1960 zuwa yau ba dukkanta ce halitta ta ɗora musu ba. Kaso mai tsoka daga cikinta magabatansu a wannan sana'a ne suka haɗa musu da hannunsu, sa'ad da suke gaggawar tsamo abin da su suke so.

Sai mu fara da sanin abin da ke cikin tukunyar. Idan ƙwayar zarra ta yuraniyam ta haɗiye ɗan mitsitsin abin nan da ake kira niyutiron, takan tsage gida biyu, ta saki zafi. Zafin shi ake nema a tashar lantarki. Amma gutsattsarin da suka rage ba yuraniyam ba ne kuma, kuma ba kullum tsagar ke bi ta wuri guda ba, don haka abin da ke taruwa a cikin sandar makamashi ya haura sinadarai 30, tun daga siziyam da sitirontiyam har zuwa aidin da zarkoniyam. Waɗannan su ne ɓaraguzan tsagewa. Da yawansu ba su da natsuwa, suna ta fitar da tiriri, wato hasken nan marar ganuwa da ke ratsa jiki ya lalata ƙwayoyin halitta. A sandar da aka ciro daga tashar lantarki ta zamani, ɓaraguzan ba su wuce kashi 3 zuwa 5 cikin 100 na nauyinta ba, fulutoniyam kamar kashi 1, saura kusan duka yuraniyam ne da bai ƙone ba. Sai dai a cikin wannan ɗan kason ne mafi yawan zafi da tiririn ƙarnin farko suke.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a mafarin labarin shi ne, ita kanta tsagewar zarra an gano ta ne saboda wata tsinta da ta ƙi yiwuwa. A watan Disamba na 1938, a birnin Barlin, Otto Hahn da Fritz Strassmann sun harbi yuraniyam da niyutiron, suka sami wani abu mai tiriri da suka zaci rediyam ne. Dabarar da aka gada tun zamanin Marie Curie ita ce a zuba bariyam, wanda ɗabi'arsa ta yi kama da ta rediyam, ya janyo shi daga cikin ruwan, sannan a yi ta narkar da gishirinsu ana sake daskarar da shi har su rabu. Suka yi ta yi, abu ya ƙi rabuwa. Ashe abin da suke neman rabawa da bariyam shi ma bariyam ne. Lise Meitner, wadda ta riga ta gudu daga Jamus zuwa Suwidin, ita da ɗan 'yar'uwarta Otto Frisch suka fassara sakamakon: yuraniyam ne ya tsage.

Bayan shekara huɗu kacal, tambayar ta tashi daga ta ilimi ta koma ta yaƙi. Amurka na son fulutoniyam don haɗa bam ɗin ƙare-dangi, shi kuwa fulutoniyam yana samuwa ne a cikin sandar da aka ƙona, cakuɗe da ɓaraguzan nan. A watan Satumba na 1942, a jami'ar Shikago, Burris Cunningham da Louis Werner, na rukunin Glenn Seaborg, suka auna gishirin fulutoniyam na farko da aka taɓa ɗorawa a kan ma'auni. Nauyinsa maikirogram 2.77, wato bai kai kashi uku cikin miliyan na gram guda ba. Da irin wannan ɗigo aka gwada hanyar da Stanley Thompson ya gano, inda ake sa bismat fosfet ya kwanta a ƙasan ruwa ya tafi da fulutoniyam tare da shi. A kan wannan gwaji kamfanin DuPont ya gina a Hanford, jihar Washintan, wani dogon gini na kankare da ya haura mita 240, wanda ba mai iya shiga cikinsa in ya fara aiki, sai dai a sarrafa komai daga nesa da ƙugiya da madubin leƙe. Ya fara aiki a Disamba 1944. Fulutoniyam ɗin da aka jefa wa Nagasaki ranar 9 ga Agusta 1945 daga Hanford ya fito.

A matsayin aikin injiniya, abin mamaki ne. A matsayin shiƙa kuwa, hanyar ba ta tsamo komai sai fulutoniyam, wanda bai wuce 'yan ɗaruruwan gram ba a kowane tan. Duk sauran, har da shi kansa yuraniyam ɗin, tanki aka tura. A nan ne aka yanke hukuncin da nake ganin ya fi kowane tasiri a wannan tarihi, kuma ba a ɗakin bincike aka yanke shi ba. Dagwalon ruwan asid ne, yana cin baƙin ƙarfe. Ƙarfe marar tsatsa kuwa ya yi ƙaranci a lokacin yaƙi. Sai aka zaɓi a gina tankunan da baƙin ƙarfe, a kashe kaifin asid ɗin da soda, irin wadda masu haɗa sabulu suka sani. Da zarar an zuba soda, yawancin ƙarafan da ke narke sukan kwanta su zama laka a gindin tanki, sitirontiyam a cikinsu. Siziyam kuwa ba ya kwanciya. Yakan zauna a cikin ruwan da ke bisa lakar, wanda yanzu ya cika maƙil da sodiyam, ɗan gidansu mai wuyar bambancewa da shi. Masu iya magana sun ce sauri kan haifi nawa. A yau Hanford na da tankuna 177 a ƙarƙashin ƙasa, ɗauke da sama da lita miliyan 200, kuma ana kyautata zaton 67 daga cikin tsofaffin sun taɓa yoyo. Faransa da Ingila, da suka ajiye dagwalonsu mafi zafi a matsayin asid cikin ƙarfe marar tsatsa, ba su gaji wannan tekun gishiri ba.

Bayan yaƙi aka koma ga wata tsohuwar dabara. Kowa ya san man gyaɗa da ruwa ba sa gauraya. Ko an kaɗa su, in an ajiye sai mai ya hau sama. To idan akwai abin da ke narke a ruwan, wanda za a iya rarrashinsa ya fi son zama a cikin man, da an kaɗa an ajiye sai ya ƙaura, a tsiyaye man da shi, a bar saura a ƙasa. Duk ɗalibin da ya taɓa girgiza mazurarin raba ruwa a ɗakin gwaji, ya ga launin aidin ya bar ruwa ya koma cikin ɗaya ruwan a gaban idonsa, ya riƙe asalin wannan masana'anta a hannunsa. Tun a shekarun 1840 Bafaranshe Eugène Péligot ya tace gishirin yuraniyam da eta, ruwan nan mai saurin kama wuta da likitocin da suke sa majinyaci barci da shi. A 1952 Hanford ta buɗe masana'antar da ke aiki da wani ruwa mai suna hekson, amma sai an loda wa dagwalon gishirin alminiyam kafin yuraniyam ya yarda ya ƙaura, kuma gishirin nan ma tanki yake komawa. Wanda ya yi nasara shi ne tiributil fosfet, ko TBP a taƙaice, kashi 30 cikin 100 a cikin kananzir. Herbert Anderson da Larned Asprey suka nemi rajistar dabarar a 1947, aka sa mata suna PUREX, ta fara aiki a Savannah River, jihar Karolina ta Kudu, a 1954, sannan Hanford a 1956. Har yau ita ake amfani da ita a La Hague ta Faransa.

Ya kamata a lura cewa ba wanda ya ƙera TBP don wannan aiki. Sinadari ne da masana'antu suka riga suka sani, suna kashe kumfa da shi, suna tausasa roba. Tsintarsa aka yi a kan kanta, aka gwada, aka ga ya dace: yana riƙe yuraniyam da fulutoniyam, yana ƙyale kusan duk ɓaraguzan. Wannan ƙyalewar ita ce cikar kyawunsa a idon masu neman bam da masu neman makamashi, ita ce kuma ta haifi abin da ake kira dagwalo mai tsananin tiriri. Mu ma a wannan yanki labarin ya ratso ta ƙofarmu. Tun 1971 ake haƙar yuraniyam a Arlit, arewacin Nijar, kuma wani kaso na abin da Faransa ta ƙona ta kai La Hague daga can ya tashi. A wurin haƙar ma shiƙar iri ɗaya ce: a jiƙa dutse da asid, a tsamo yuraniyam, a bar rediyam da danginsa, waɗanda ke ɗauke da mafi yawan tiririn dutsen. Da aka rufe mahaƙar Akuta a 2021, tulin da ya rage an ƙiyasta shi da kimanin tan miliyan 20.

A cikin ɓaraguzan da TBP ya bari, biyu ne suka fi tayar da hankali. Siziyam-137 sai ya shekara kamar 30 kafin rabinsa ya mutu, sitirontiyam-90 kamar 29. Wa'adin bai yi gajartar da za a jira ya wuce ba, bai kuma yi tsawon da tiririn zai yi sanyi ba. Jiki ma ruɗuwa yake yi da su. Siziyam yana kama da fotasiyam, sai tsoka ta karɓe shi. Sitirontiyam yana kama da kalsiyam, sai ƙashi ya ajiye shi kusa da ɓargo. Kuma su biyun ne ke dafa tanki. Ranar 29 ga Satumba 1957, a masana'antar Mayak da ke tsaunukan Ural na Tarayyar Sobiyet, na'urar sanyaya wani tanki ta riga ta lalace ba a gyara ba. Ruwan ya ƙafe, gishirin naitiret da asitet da hanyar tacewarsu ta bari a ciki ya yi zafi ya fashe, ya cilla murfin kankare mai tan 160. Ƙurar ta shimfiɗu tsawon kusan kilomita 300, aka kwashe mutane kimanin 10,000 daga ƙauyukansu, kuma sitirontiyam-90 ne ya hana su komawa. An sa wa hatsarin sunan garin Kishtim ne domin garin da abin ya faru ba ya kan taswira. Zhores Medvedev ya tona asirin a 1976, gwamnatin Sobiyet ba ta amsa ba sai 1989.

Hanford ta yi ƙoƙarin rage wa tankunanta wannan zafi tun da wuri, kuma ƙoƙarin farko ya nuna irin ramin da ake faɗawa. A tsakiyar shekarun 1950 aka zuba ferosayanaid don ya kwantar da siziyam a sami wuri a tankuna. Shekara talatin da 'yan kai bayan nan, shi kansa ferosayanaid ɗin ya zama abin tsoro, domin haɗuwarsa da naitiret na iya fashewa, sai da bincike na shekaru ya nuna ya riga ya ruɓe. Daga 1968 aka yi aiki mai tsari: aka cire siziyam da ƙwayoyin tacewa, aka cire sitirontiyam da wani mazaƙuli na dangin fosfet, aka busar da su aka rufe a gwangwanayen ƙarfe, waɗanda 1,936 daga cikinsu suka rage a can, aka jera a ƙarƙashin ruwa inda suke fitar da shuɗin haske. Kusan kashi ɗaya cikin uku na duk tiririn Hanford yana cikin waɗannan gwangwanaye. Har an yi tunanin mayar da su haja, aka ba kamfanonin kashe ƙwayoyin cuta hayar wasu, sai ɗaya ya yi yoyo a garin Decatur na jihar Jojiya a 1988, aka janye su duka. Shekara guda kafin nan, a Goiânia ta Burazil, masu jari-bola sun fasa wata tsohuwar na'urar gashin ciwon daji, suka sami garin siziyam mai ƙyalli suka rarraba wa dangi. Mutum huɗu suka mutu, aka auna sama da 100,000. Tsinta ba ta kashe tiriri. Tattara shi take yi wuri guda, kuma abin da aka tattara yana buƙatar mai gadi.

Me ya sa siziyam ya fi yuraniyam wuyar kamu, alhali shi ne mafi sauƙin hali? Ƙwayar ƙarfe da ke narke a ruwa ba ita kaɗai take yawo ba, ƙwayoyin ruwa ne kewaye da ita kamar fadawa. Kafin ta yarda ta shiga mai, sai an ba ta waɗanda za su maye gurbin fadawan nan, masu fuskar da take so ta ciki, masu maiƙo ta waje. Yuraniyam da fulutoniyam suna da caji mai ƙarfi, suna cafke duk oksijin ɗin da ya matso, don haka TBP ya ishe su. Siziyam kuwa ƙato ne mai caji ɗaya tak, riƙonsa sako-sako ne, ba ya ƙulla zumunci mai ƙarfi da kowa. Duk abin da ya iya jan hankalinsa, sodiyam ya fi shi son abin, ga shi kuma a tankunan Amurka sodiyam ya ninka shi sau dubbai. Abu ɗaya ya rage da za a iya kama shi da shi, wato girman jikinsa. Sai dai a 1960 ba wanda ya san yadda ake ƙera sinadarin da ke auna girma.

Allura cikin ruwa, mai rabo ka samu. Charles Pedersen an haife shi a 1904 a Busan ta Koriya, uba ɗan Norwe, uwa 'yar Japan. Ya shafe rayuwarsa yana aiki a DuPont, kamfanin nan da ya gina Hanford da Savannah River, kuma bai taɓa yin digirin dakta ba. A farkon shekarun 1960 yana neman sinadarin da zai riƙe banadiyam, sai wani ɗan gurɓatacce da ya rage a kayan haɗinsa ya haifar da farin abu mai kama da zaren auduga, wanda bai kai rabin kashi ɗaya cikin 100 na abin da ya zuba ba. Da wani ne da ya wanke kwalbarsa ya wuce. Shi ya tsaya ya bincika, ya tarar zobe ne na ƙwayoyi 18, shida daga cikinsu oksijin, duk suna fuskantar ramin tsakiya, kuma gishirin da ba ya narkewa a mai yana narkewa in zoben na nan. Ya ga yadda zoben ke sauka a kan ƙwayar ƙarfe, ya sa masa suna kambi. Ya wallafa aikin a 1967, ya yi ritaya bayan shekara biyu, a 1987 ya raba kyautar Nobel da Donald Cram da Jean-Marie Lehn. A ganina a nan ne sana'ar ta sauya daga tsintuwa zuwa ƙira, domin daga wannan rana ana iya zama a zana rami a takarda daidai girman abin da ake farauta.

Sitirontiyam ne ya fara shiga hannu. A wajajen 1990, Philip Horwitz da Mark Dietz na cibiyar Argonne suka ɗinka wa zoben Pedersen wasu rassa masu maiƙo don kada ruwa ya wanke shi, suka sami mazaƙulin da ke ɗauko sitirontiyam daga asid ya bar kalsiyam. A ɗaya ɓangaren yaƙin cacar baka kuwa an bi wata hanya dabam. Ba'amurke Frederick Hawthorne ya haɗa a 1965 wata dunƙulalliyar ƙwaya ta boron da kobal, don sha'awar ilimi kawai. Masana a Řež, kusa da birnin Firag, cikinsu har da Jiří Rais da Miroslav Kyrš, suka gano a farkon shekarun 1970 cewa tana janyo siziyam daga asid mai ƙarfi. Cibiyar Khlopin ta Leningrad ta raine ta har ta kai ga masana'anta, aka fara aiki da ita a 1996 a Mayak, wato daidai wurin da tanki ya fashe. A shekarun nan ne ma masanan Khlopin da na Idaho ta Amurka suka zauna teburi ɗaya suna gyara hanyar tare. Sai dai duk waɗannan na dagwalon asid ne. Tekun sodar nan na Amurka yana nan yana jira.

A Savannah River, inda aka gina tankuna 51 kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na abin da ke ciki gishiri ne, an fara gwada gajeriyar hanya. Aka ce a zuba tetirafenilboret a cikin tankin kansa, ya kama siziyam ya kwanta da shi, a tace. A kwalba abin ya yi kyau. A tanki kuwa, a 1995, sinadarin ya riƙa wargajewa yana fitar da benzin mai kama wuta fiye da yadda aka yi lissafi, saboda wasu ƙarafa 'yan kaɗan da ke cikin dagwalon suna hanzarta ruɓewarsa. A 1998 aka watsar da shirin, bayan an kashe kusan dala rabin biliyan. An gudu ba a tsira ba.

Maganin ya fito daga inda ba a zata ba. Tun 1872 Adolf von Baeyer ya ga cewa finol da fomalin suna haɗuwa su zama wani ƙullutu mai danƙo, wanda daga baya ya zama robar Bakelite. A cikin irin wannan haɗi akwai ƙwayoyi masu zobba huɗu da suka haɗa kai suka yi siffar mazubi, waɗanda David Gutsche ya nazarta a shekarun 1970 ya sa musu suna kaliksarin, daga sunan wata tukunyar Girkawan da. Mu sai mu ce ƙoƙo. Matsalar kambin Pedersen ita ce laushi: yana iya lanƙwashewa ya rungumi ƙaramin baƙo kamar yadda yake rungumar babba. Cram ya riga ya nuna cewa mazaƙulin ƙwarai shi ne wanda ya ɗauki siffarsa tun kafin baƙo ya iso. A farkon shekarun 1990, Rocco Ungaro da Alessandro Casnati a Parma ta Italiya, da David Reinhoudt a Holan, da Jean-François Dozol a Cadarache ta Faransa, suka ɗaure kambi mai oksijin shida a kan ƙoƙon, bayan sun juya biyu daga zobbansa sama biyu ƙasa. Ƙoƙon ya ƙafe kambin ya hana shi motsi, zobba biyu kuma suka tsaya dama da hagu kamar dogarai. Siziyam ya shiga ya zauna daram. Sodiyam kuwa ya yi ƙanƙanta, ba ya iya taɓa bangon ta ko'ina a lokaci guda, don haka ya gwammace ya zauna da fadawansa na ruwa. Fifikon da wannan rami ke ba siziyam a kan sodiyam ya haura sau 10,000. Kama da wane ba ta wane.

Amma daga ƙwaya mai kyau zuwa masana'anta akwai tafiya, kuma wannan ɓangare ne tarihin kyaututtuka ke tsallakewa. Dole mazaƙuli ya narke a kananzir, kada ya narke a ruwa. Dole ya jure soda da asid da tiriri wata da watanni. Dole ya kama da sauri, kuma, abin da ya fi wuya, dole ya saki in an ce ya saki, domin wanda ya riƙe bai saki ba ya zama sabon dagwalo. Ko abin da yake komawa in ya ruɓe sai an yi lissafinsa, domin shi kansa TBP in ya daɗe da asid mai zafi yana zama wani jan mai da ya fasa tanki a Tomsk ta Rasha a Afrilu 1993. Faransawa, bayan dokarsu ta 1991 kan binciken dagwalo, har sharaɗi suka kafa cewa sabon mazaƙuli kada ya ƙunshi komai sai kabon da haidirojin da oksijin da naitirojin, don in ya tsufa a ƙone shi ƙurmus ba toka. A wannan layi ne Zdenek Kolarik na Karlsruhe ya fito a 1999 da ƙwayar da ke bambance amerisiyam da wasu ɓaraguzai masu tsananin kama da shi, da nufin a mayar da amerisiyam ɗin tukunya a ƙone. Ƙwayar ta samu, an kuma yi ta inganta ta, amma tukunyar da Faransa ta tsara don irin wannan aiki, ASTRID, an jingine ta a 2019.

Ƙoƙon siziyam ya fi sa'a. Bruce Moyer da rukuninsa a Oak Ridge suka ɗauke shi suka yi ta gyara: suka ƙara masa rassa don ya narke, suka haɗa shi da wani sinadari mai taimaka masa zama a kananzir, suka daidaita shi ta yadda zai kama siziyam a cikin soda ya sake shi a cikin ruwa mai ɗan tsami kaɗan. A 2001 ma'aikatar makamashi ta Amurka ta zaɓi wannan hanya. Ana haɗa man da dagwalon ne a cikin jerin na'urori masu juyawa da gudu, su gauraya su rabu cikin daƙiƙoƙi, don kada tiriri ya sami lokacin cin mazaƙulin. Wata ƙaramar masana'antar gwaji ta yi aiki daga 2008 zuwa 2019, ta tace fiye da lita miliyan 25. Babbar, wadda aka tsara ta don ta bar kashi ɗaya kacal cikin 40,000 na siziyam ɗin da ya shigo, ta karɓi dagwalon farko a watan Oktoba 2020, shekara 76 bayan an fara zuba soda a tankunan Hanford, shekara 53 bayan takardar Pedersen.

Siziyam ɗin da aka tsamo ana haɗa shi da lakar tanki a narkar da su cikin gilashi, a zuba a tuluna na ƙarfe marar tsatsa, waɗanda ke jere a Savannah River suna jiran ramin binnewa na dindindin da Amurka ba ta gina ba tukuna. Ruwan gishirin da ya rage kuwa, wanda shi ne mafi yawa, ana kwaɓa shi da toka da kashin maƙera, a zuba a manyan rumbunan kankare a nan harabar. A cikinsa akwai ɓaraguzai biyu da ramin ƙoƙon bai san da su ba, domin ba don su aka auna shi ba, kuma dukkansu suna bin ruwan ƙasa cikin sauƙi in suka sami hanya. Teknetiyam-99 sai ya shekara 211,000 kafin rabinsa ya mutu. Aidin-129 kuwa sai ya shekara kusan miliyan 16.